Bayan gobara da ambaliya: Da wane ma'auni za a gane ɗan kasuwar Singa da firgici bai sake shi ba?

Duk lokacin da gobara ta tashi a wata babbar kasuwa a Kano, lissafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: shago nawa ya ƙone, buhun sukari da na shinkafa nawa suka salwanta, naira miliyan nawa aka yi asara. Sai a kafa kwamiti, a rubuta sunaye, manya su je jaje, a yi alƙawarin tallafi.

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, ta ga wannan ba sau ɗaya ba. Ita ce babbar cibiyar sarin kayan masarufi a arewacin Najeriya, inda ake lodin sukari, fulawa, taliya, man girki da sabulu zuwa jihohin Arewa, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Wuta ta ci wani sashe nata a watan Fabrairun 2016. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Maris, maƙwabciyarta kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari ta yi mummunar gobarar da rahotanni suka ce ta laƙume shaguna kusan 3,800. A watan Maris na 2023 wuta ta sake tashi a Singa. Tsakanin waɗannan, a watan Agustan 2022, ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dilolin atamfa da shadda.

Akwai asarar da ba ta shiga wannan lissafi. Ita ce ta mai gadin da hayaƙi ya kusa shaƙe shi, wanda har yau ƙaurin ƙonewar roba ke sa jikinsa rawa. Ita ce ta yaron shagon da ba ya iya barci idan an kawo wutar lantarki da dare. Likitoci suna da suna ga wannan hali idan ya daɗe ya kuma hana mutum rayuwarsa: ciwon firgicin bayan bala'i, wanda ake taƙaita shi da PTSD. Kafin a san mutum nawa ne ke ɗauke da shi, sai an sami ma'auni. Ma'aunin kuwa takardar tambayoyi ce, kuma kusan duk waɗanda duniya ke amfani da su da Turanci aka rubuta su, aka gwada su a kan wasu mutane daban. Fassara su kawai ba ta mayar da su abin dogaro. Sai an tantance su a kan mutanen da za a yi wa tambayar.

Mene ne ciwon, kuma wa yake kamawa?

A shekarar 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fara sanya PTSD cikin kundinta na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Bugun kundin da ya fito a 2013 ya kasa alamomin ciwon gida huɗu.

Na farko, abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum ba da son ransa ba, a farke ko a mafarki, wani lokaci har ya ji kamar yanzu yake faruwa. Na biyu, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ko wuri ne ko mutane ko zance. Na uku, tunaninsa da yanayin zuciyarsa su canza: zargin kai, ɗebe tsammani, janyewa daga jama'a, rashin jin daɗin abin da a da yake faranta masa. Na huɗu, jikinsa ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana: saurin razana, saurin fushi, rashin barci, rashin natsuwa. Sai alamomin sun wuce wata guda, sun kuma taɓa aikin mutum ko zamansa da iyali, kafin a kira shi ciwo.

Ba duk wanda ya ga bala'i ke kamuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya za su gamu da wani abin tashin hankali a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa da PTSD. Sai dai adadin yana hawa gwargwadon kusancin mutum da abin. Wani bitar bincike da Sandro Galea da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin waɗanda bala'i ya afka wa kai tsaye, masu ciwon kan kai kashi 30 zuwa 40. A cikin masu aikin ceto, kashi 10 zuwa 20. A cikin sauran jama'ar gari, kashi 5 zuwa 10.

A wajen likita, ba a bambanta ko bala'in daga ruwan sama ya zo ko daga wayar lantarki. Wanda ya tsira daga ambaliyar Maiduguri ta ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, da wanda ya tsira daga ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, da wanda ya kuɓuta daga gobarar kasuwa, duk tambayoyi iri ɗaya za a yi musu.

Me ya sa sai da takardar tambayoyi?

Amsar ita ce ƙarancin likitoci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Babu yadda za a yi likita ya zauna da kowane ɗaya daga cikin dubban mutanen da gobara ɗaya ta shafa, ya yi masa tambayoyi na kusan sa'a guda. A ambaliyar 2022 kaɗai, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, sama da mutum 600 ne suka rasu a faɗin ƙasar, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu.

Takardar tambayoyi ita ce rariyar farko. Ma'aikacin lafiya na matakin farko, ko ɗan sa-kai da aka horar, zai iya cike ta cikin minti goma, a ware waɗanda ya kamata likita ya gani.

Akwai irinsu da dama. Mardi Horowitz da abokan aikinsa sun fitar da wata mai tambaya 15 a 1979, aka faɗaɗa ta zuwa 22 a 1997, ana kiranta IES-R. Richard Mollica da tawagarsa ta jami'ar Harvard sun wallafa tasu a 1992, wadda suka gina domin 'yan gudun hijirar Kambodiya da Laos da Biyetnam. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce PCL-5, mai tambaya 20, wadda cibiyar nazarin PTSD ta ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta fitar a 2013. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 4, jimilla 80. Masu ita sun ce wanda ya sami maki 31 zuwa 33 ko sama da haka, akwai yiwuwar yana da ciwon.

A nan matsalar take. Wannan iyaka ta 31 zuwa 33 an samo ta ne galibi daga gwaji a kan sojoji da tsofaffin sojojin Amurka. Babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa ita ce daidai ga ɗan dako a Singa. Duk ɗan kasuwa ya san mudun Dawanau da na wani gari ba lallai su zo ɗaya ba, ko da sunansu ɗaya.

Inda fassara ke tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce kalma. A rediyo da jaridu, "damuwa" ce ke ɗaukar nauyin kalmomin Turanci uku ko huɗu waɗanda likita ke bambantawa. Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai tsoro, fargaba, firgita, razana, zullumi, ɗimuwa, faɗuwar gaba, ƙuncin zuciya, baƙin ciki, yawan tunani. Kowace da gurbinta. Razana ta nan take ce, zullumi na abin da bai zo ba ne. Idan mai fassara ya zaɓi "tsoro" inda ya kamata ya ce "razana", magidanci zai iya cewa a'a, domin amsa cewa yana jin tsoro a gaban baƙo ragwanta ce a ganinsa.

Ta biyu ita ce abin da al'ada da addini suka koya wa mutum ya faɗa ko ya ɓoye. Kusan kowace takarda tana tambaya kan munanan mafarkai. Musulmi kuwa an karantar da shi cewa idan ya yi mugun mafarki ya nemi tsari, kada ya ba kowa labari. Wani kuma zai danganta mafarkin da aljanu ko sammu, abin da yake ganin na malami ne ba na asibiti ba. Akwai tambayar da ke neman sanin ko mutum yana zargin kansa ko wani kan abin da ya faru. Ga wanda ya yi imani da ƙaddara, amsa "e" na iya zama kamar ya yi wa Ubangiji ƙorafi. A laccarsa ta "Mutumin Kirki" da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Mutumin da ya taso a haka, idan aka tambaye shi yaya ya ji da asara, "Alhamdulillahi" zai fara cewa, ko da kwana uku bai runtsa ba.

Ta uku ita ce yanayin rayuwa. Takardar tana ɗauka cewa mai ciwon zai guji wurin da abin ya faru. Ɗan kasuwar da ke da iyali da bashi a kansa ba shi da wannan zaɓi. Washegari zai koma ya share toka ya kasa abin da ya rage. Sai ya sami maki kaɗan a wannan sashe, alhali kullum da faɗuwar gaba yake shiga layin. Haka kuma tambayar da ke auna yawan sa-ido da zama cikin shiri. A kasuwar da wuta ta ci fiye da sau ɗaya, mutumin da ke komawa sau biyu ya duba ko an kashe janareta ba lallai mara lafiya ba ne; yana iya zama mai hankali ne kawai.

Ta huɗu ita ce yadda ake amsawa. Zaɓi biyar daga "ko kaɗan" zuwa "matuƙa" abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba cike fom. Ga wanda karatunsa na allo ne, ko wanda za a karanta masa, bambancin mataki na biyu da na uku ba a fili yake ba. Masu bincike a ƙasashe da dama sun warware wannan da hoton kofuna biyar, daga wanda babu komai a ciki zuwa wanda ya cika da ruwa, mutum ya nuna wanda ya yi daidai da halinsa.

Firgici ne ko baƙin cikin asara?

Akwai wani tarko da ya keɓanci kasuwa. Sharaɗin farko na PTSD shi ne mutum ya fuskanci mutuwa, ko barazanarta, ko mummunan rauni, a kansa ko a gaban idonsa, ko abin ya sami wani nasa na kusa. Gobarar kasuwa kuwa sau da yawa da dare take tashi, lokacin da masu shaguna ke gida. Waɗanda suka ga wutar da idonsu, suka ji zafinta, su ne masu gadi, 'yan dako da ke kwana a rumfuna, direbobin da ke jiran lodi, da ma'aikatan kashe gobara.

Alhajin da aka buga wa waya da asuba, ya zo ya tarar da jarinsa na shekara ashirin ya zama toka, ga kuma kayan da ya karɓa bashi daga kamfani, yana iya kasa barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane. Wahalarsa gaskiya ce kuma tana buƙatar kulawa. Amma tana iya zama ciwon baƙin ciki mai tsanani, ko kasa jure sauyin rayuwa, waɗanda maganinsu ba iri ɗaya ba ne da na PTSD. Yawancin alamomin sun yi tarayya: rashin barci, rashin natsuwa, fushi, ɗebe tsammani. Takardar da ba a tantance ba za ta zuba su duka a buhu ɗaya. Illar ita ce a ba attajirin da ya fi kowa asarar kuɗi sunan ciwon da ba shi ne nasa ba, a kuma manta da mai gadin da sunansa ma ba ya cikin jerin masu shago.

Matakan tantancewa

Masana sun daɗe da shimfiɗa hanya. Tun 1970 Richard Brislin ya bayyana dabarar fassara da mayarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari makamancin haka ga takardunta.

Aikin yana farawa ne da saurare. A zauna da waɗanda abin ya shafa, da limamai, da masu maganin gargajiya, da shugabannin layuka, a tambaye su: mutumin da gobara ta taɓa wa zuciya, yaya kuke gane shi, me kuke kiran halin da yake ciki? Daga nan ake tara kalmomin da mutane ke amfani da su da bakinsu.

Sai mutum biyu su fassara takardar zuwa Hausa, kowa shi kaɗai, ɗaya masanin lafiya, ɗaya kuma wanda bai san fannin ba. A haɗa fassarorin biyu. Sai wani na uku, wanda bai taɓa ganin ta asali ba, ya mayar da ita Turanci, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Kwamitin likitoci da masana harshe ya zauna a kan kowace tambaya. A Kano wannan ba abin nema ba ne daga nesa, domin Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara.

Bayan haka a gwada ta a kan mutum ashirin ko talatin, ba don a tara maki ba, sai don a ji yadda suka fahimce ta. A karanta wa mutum tambaya, a ce ya maimaita ta da kalmominsa, ya kuma faɗi abin da ya sa ya zaɓi amsarsa. A wannan mataki ne ake gano tambayar da ke ɓata rai, ko wadda kowa ke fassarawa daban.

Sannan gwaji mai faɗi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mutum biyar zuwa goma ga kowace tambaya, wato aƙalla 100 zuwa 200 ga takarda mai tambaya 20. Ana duba abu uku. Na ɗaya, ko tambayoyin suna tafiya tare, suna auna abu guda. Akwai lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951 domin haka, kuma ana son sakamakonsa ya kai 0.70 ko fiye. Na biyu, ko ma'aunin yana tsayawa: a sake yi wa mutum tambayoyin bayan mako ɗaya ko biyu, idan halinsa bai canza ba, makinsa ma kada ya yi nisa da na farko. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne a kwatanta da hukuncin likita. Ƙwararre ya zauna da mutanen, ba tare da ya san makin da suka samu ba, ya yanke wa ke da ciwon wa ba shi da shi. Daga wannan kwatanci ne ake fitar da iyakar maki da ta dace da mutanen wurin. Tana iya zama 33, tana iya sauka ko ta hau.

Wajibi ne kuma waɗanda aka gwada a kansu su yi kama da kasuwar kanta. Singa ba ta masu shago kaɗai ba ce. Akwai 'yan dako da suka zo cin rani daga ƙauyuka, akwai mata masu sayar da abinci, akwai baƙin 'yan kasuwa daga Maraɗi da Damagaram waɗanda Hausarsu ta ɗan bambanta da Kananci, akwai kuma Ibo da Yarbawa na Sabon Gari waɗanda wasunsu za su fi sakewa da Turancin buroka.

Abin da kuskuren ma'auni ke jawowa

A ɗauki misali don a ga nauyin abin. A ce an yi wa mutum 1,000 tambayoyi, kuma a haƙiƙa 100 ne ke da ciwon. A ce takardar tana gano 80 cikin kowane 100 masu ciwo, tana kuma wanke 80 cikin kowane 100 masu lafiya. Za ta kama mutum 80, ta bar 20 su koma gida da ciwonsu. Daga cikin 900 masu lafiya kuwa za ta yi kuskuren nuna 180. Jimillar waɗanda za a tura asibiti 260 ke nan, kuma waɗanda ke da ciwon da gaske a cikinsu ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba.

Wannan lissafin takarda ce mai matsakaicin inganci. Wadda ba a tantance ba, babu wanda ya san inda kuskurenta ya tsaya. Idan ta cika kamawa, za a cika asibitin da dama can ba shi da isassun likitoci, a kuma liƙa wa mutane sunan "taɓin hankali" a garin da wannan suna ke iya hana mutum aure ko hana dila ba shi kaya bashi. Idan ta cika saki, hukumomi za su ce babu matsala, ba za a ware ko kwabo ba. Shi ya sa sakamakon takarda ba hukunci ba ne. Alama ce kawai cewa a je a ga likita.

An taɓa yi, kuma da Hausa

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF, ta tantance wata takarda mai tambaya 22 domin gano damuwar zuciya a tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 6. An fassara ta zuwa Hausa, mutanen da ba likitoci ba suka yi wa iyaye tambayoyin, sannan aka kwatanta sakamakon da binciken ƙwararre. An wallafa aikin a 2012, daga baya aka sake gwada takardar a Kenya da Kolombiya.

A Kano ma, masu bincike a sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero sun bi waɗannan matakai wajen mayar da takardun auna ciwon baya da ingancin rayuwa zuwa Hausa, suka wallafa sakamakon a 2019 da 2020, tare da gwada su a kan mutanen birni da na karkara. A Kaduna, Taiwo Lateef Sheikh da abokan aikinsa sun yi amfani da takardar Harvard a kan mutum 258 da rikicin bayan zaɓen 2011 ya raba da gidajensu, suka ba da rahoto a 2014 cewa kimanin kashi 42 cikin 100 na da alamomin PTSD.

Daga waje, Zimbabwe ta nuna abin da saurare ke haifarwa. A 1997 Vikram Patel da abokan aikinsa suka gina takarda mai tambaya 14 daga kalmomin masu jin harshen Shona, ciki har da abin da suke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Da ita ne daga baya shirin Dixon Chibanda, inda tsofaffin mata da aka horar ke zama a kan benci suna sauraren masu damuwa, yake tantance waɗanda zai taimaka. Bahaushe ma yakan ce tunani ya yi wa wane yawa. Ba mamaki tambayar da ta fi kowace gano mai ciwo a Singa ta fito daga irin wannan furuci, ba daga fassara ba.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Na farko, a raba aikin da rajistar tallafi. Idan mai riƙe da takardar tambayoyi ya zo rana ɗaya da kwamitin rabon kuɗi, kowa zai ɗauka yawan maki ne zai kawo yawan rabo, kuma alƙaluman sun lalace ke nan. Dole a faɗa wa mutum tun farko cewa amsarsa ba za ta ƙara masa ko ta rage masa komai ba.

Na biyu, sirri da yarda. Ba a yi wa mutum irin waɗannan tambayoyi a bakin shago, yaransa da maƙwabtansa na ji. Mace ta fi sakewa da mace. Kuma kowa na da damar ya ce ya fasa a tsakiya.

Na uku, lokaci. A kwanakin farko kusan kowa a firgice yake, kuma yawanci sukan warware da kansu, da taimakon iyali da addu'a da komawa sana'a. Abin da ake buƙata a lokacin shi ne agajin farko na zuciya: saurare, kwantar da hankali, biyan buƙatar gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a tara mutane a matsa musu su ba da labarin abin da suka gani dalla-dalla a zama ɗaya, kuma a ƙa'idojinta na 2013 ta yi gargaɗi kan ba su ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam a wannan lokaci. Auna PTSD sai bayan wata guda.

Na huɗu, kada a tambayi mutum ciwonsa idan babu inda za a tura shi. Ciwon yana da magani, kuma wanda aka fi samun nasara da shi na tattaunawa ne da ƙwararre, wanda ke taimaka wa mutum ya fuskanci abin da ya faru sannu a hankali har ya daina razana shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar shigar da wannan kulawa cikin asibitocin matakin farko. Amma ma'aikacin asibitin unguwa a Fagge ba zai iya yin komai da dokar ba idan babu takardar da zai dogara da ita.

Tantance takarda aiki ne na watanni, don haka ba ranar gobara ake fara shi ba. Abin da yake buƙata yana nan a cikin Kano: likitoci a Asibitin Aminu Kano da Dawanau, masana harshe a Jami'ar Bayero, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa waɗanda suka san wanda ya kwana a kasuwa daren da wuta ta tashi. Takardar da aka tantance a Singa, da ɗan gyara, za ta yi aiki a Haɗejiya da Ringim idan kogi ya cika, da duk inda ake jin Hausa. Kowace shekara hunturu na zuwa da iskarsa, damina na zuwa da ruwanta, kuma wanda ya fi buƙatar a gano shi sau da yawa shi ne wanda zai ce lafiya lau idan ba a iya tambayarsa ba.